Yini Guda a Tsohon Birni: Me Ya Hana Mu Zuwa Daura?

Jama'a masu sauraronmu a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da ƙauyukan da ke kewaye da su, da direbobin da ke kan hanyar Kano zuwa Daura a daidai wannan lokaci, barkanmu da warhaka.

Sharhinmu na yau a kan tafiya ne, amma irin tafiyar da ba mu saba da ita ba. Mu a nan idan ka ga mutum ya saɓa jaka, to biki ne, ko ta'aziyya, ko kasuwa, ko asibiti, ko kuma kaka ta wuce ya tafi cirani. Ka ce wa maƙwabcinka gobe za ka Daura, abin da zai fara tambayarka shi ne, "Lafiya dai ko? Wa ya rasu?" In ka ce masa lafiya lau, gari kawai za ka gani, kai kaɗai, ka dawo kafin magariba, sai ya ɗauka ka rasa aikin yi. Ni kuwa ina ganin wannan tafiya neman ilimi ce, kuma rashin yin ta yana jawo mana asarar da ba mu lura da ita ba.

Bari mu fara leƙawa nesa, sannan mu dawo gida.

A arewa maso gabashin ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni da ake kira Benis. An gina shi a kan tsibirai 118 a cikin ruwan gishiri, gadoji kimanin 400 ne suka haɗa unguwanninsa. Mota ba ta yawo a cikinsa. Ko dai ka taka da ƙafa, ko ka shiga kwalekwale. Kullum gari ya waye jirgin ƙasa yana sauke baƙi a bakin birnin, kuma da yawa daga cikinsu su kaɗai suke zuwa: ɗalibi da 'yar jakarsa a baya, ma'aikaciyar da ta samu hutun kwana biyu, dattijon da ya yi ritaya. Ba su da ɗan'uwa a garin, ba su zo saye ko sayarwa ba. Sun zo su tsaya a dandalin San Marko, su shiga fadar tsofaffin sarakunan birnin, su ratsa lunguna, su ci abinci, da yamma su koma. Da irin waɗannan baƙi mai kwalekwale yake ci, da mai gidan abinci, da maƙeran gilashin tsibirin Murano, waɗanda aka mayar da sana'arsu can tun shekarar 1291 don gudun gobara a cikin birni. Hukumar UNESCO ta sanya Benis cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. Italiya ta fi kowace ƙasa yawan wurare a wannan jeri, tana da kimanin sittin. Mu a Najeriya biyu gare mu: Sukur a Jihar Adamawa, da dajin Osun a Osogbo. Ganuwar Kano tana layin jira tun 2007.

Wani zai ce, to ina ruwanmu da wani birni a bayan teku? Mai sauraro, ruwanmu ne ƙwarai, domin mun daɗe da sanin juna da shi.

Idan kana da kaka ko malami mai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, ka nemi izini, ka yi alwala, ka ɗaga warƙa ɗaya ka fuskanci rana da ita. Mai yiwuwa ne ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar. Irin wannan takarda a yankin Benis ake yin ta, kuma gidan da ya fi shahara da ita shi ne na iyalin Galvani a wajen garin Pordenone. Tana tsallako Bahar Rum zuwa Tarabulus da Masar, raƙuma su ratsa Sahara da ita har kasuwar Kurmi, daga nan ta watsu zuwa tsangayoyi da zaurukan malamai. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa. A cikinsu akwai wannan takarda mai wata uku, akwai kuma duwatsun wuya na gilashi daga Benis.

Akwai abin da ya girmi wannan. Wani malami mai suna Hasan al-Wazzan, haifaffen Andalus wanda ya tashi a birnin Fas, 'yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka kai shi Roma. A can ya rubuta littafi kan ƙasashen Afirka, ya kammala a 1526, aka buga shi a Benis a 1550. A cikinsa ya ba da labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Wato yau kusan shekara ɗari biyar ke nan mutanen Italiya suna karanta sunayen biranenmu a littafi. Mu kuwa da muke zaune a tsakiyarsu, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa keɓe yini guda don ya je ya dubi ɗaya daga cikinsu da idon basira?

Ga Daura nan arewa da mu, tafiyar kusan awa guda a mota daga Kazaure. Mutanen Gwiwa da Roni sun san hanya. Mutanen Babura kuwa ta Baure da Zango za su bi su faɗa cikinta. Da yawanmu mun ratsa Daura a mota, mun sayi rake ko ruwan leda ta taga, mun wuce. Ratsawa daban, ziyara daban.

To bari in zana maka yadda yinin zai kasance.

Ka yi sallar asuba, ka karya, ka shaida wa iyali inda za ka da lokacin da za su sa ran dawowarka. Ka sa katin shaidarka a aljihu, da ɗan littafi da biro. Ka shiga motar farko. Kafin rana ta yi zafi kana Daura.

Kada ka yi gaggawar hawa babur. Tsohon gari da ƙafa ake karanta shi. Ka tambayi hanyar rijiyar Kusugu, kowane yaro zai nuna maka. Yanzu an kewaye ta da gini, akwai masu kula da ita, kuma mutanen gari za su gaya maka ba a san ta da ƙafewa ba. Ka leƙa, ka zauna, ka bari a ba ka labarin daga bakin masu shi, ko da ka taɓa jin sa a makarantar firamare.

Labarin dai shi ne na Bayajidda, wanda aka ce ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas kusa da Haɗeja, a cikin Jiharmu ta Jigawa ta yau, inda ta haifi Biram. Ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce masa babu, domin macijin da ke rijiya, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Da Biram suka cika bakwai.

Ka lura da wani abu a nan, mai sauraro. Labarin da Hausawa suka zaɓa su bayyana asalin sarautunsu da shi, labari ne na matafiyi shi kaɗai, da ya shigo gari bai san kowa ba, da tsohuwar da ta buɗe masa ƙofa. Karɓar baƙo da fita neman abin da ke gaba suna cikin tushenmu tun farko.

Masana tarihi ba su haɗu a kan wannan labari ba. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu a 1970 yana nuna cewa biranen Hausa sun ginu ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, a wuraren da ke da ruwa da ƙarfe da duwatsun da ake girmamawa, kuma zuwan baƙo guda ba zai isa ya bayyana kafuwarsu ba. Wannan saɓani bai rage wa rijiyar daraja ba. Ya ma ƙara maka abin tunani yayin da kake tsaye a bakinta: me ya sa kakanninmu suka riƙe wannan labari tsawon ƙarnuka, kuma me yake faɗa mana game da darajar ruwa a ƙasa irin tamu, da kuma zamanin da mata, magajiyoyi, suke riƙe da sarautar Daura?

Daga rijiya ka nufi ƙofar fada. A nan ladabi ne guzurinka. Ka yi sallama, ka gaida dogarai da fadawa, ka faɗi sunanka da garinku, ka ce ka zo ganin gari ne. Inda aka ce ka cire takalmi ka cire. Inda aka ce nan ne iyaka ka tsaya. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutum ko wuri sai ka nemi izini. Ka ɗaga kai ka dubi yadda magina suka ɗaure baka a zaure, da zanen bango, da kaurin gini.

Idan Allah ya haɗa ka da dattijon da ya san tarihin gidan, ka tambaye shi abin da ya faru bayan jihadi. A 1805 Malam Ishaƙu ya karɓi Daura da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tsohon gidan sarauta ya fita, daga bisani ya kafu a Zango da Baure. Kusan shekara ɗari ana haka, har zuwan Turawa, waɗanda a 1904 suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Daga shi sai Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai mai martaba Alhaji Umar Faruk Umar. 'Yan'uwana na Babura, Bauren da kuke shiga cin kasuwa da ziyarar dangi, wani babi ce a cikin wannan tarihi.

Mu ma na masarautar Kazaure muna ciki. Ɗan Tunku, wanda ya kafa wannan masarauta a wajejen 1819 yana zaune a Dambatta, daga ƙasashen Kano da Katsina da Daura ya yanki yankinsa, ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar da cin gashin kan masarautar. Ɗansa Dambo ne ya zaunar da sarautar a Kazaure bayan 1824. Saboda haka in ka je Daura, wani ɓangare na labarin gidanku ka je nema.

Azahar ta yi, ka yi salla a masallacin gari, ka nemi inuwa ka sha fura. Ka shiga kasuwa ka zaga rumfunan dukawa da maƙera da masu tabarmi, ka sayi ɗan abin da aljihunka zai iya. Ka tambayi tsofaffi inda ƙofofin gari suke a da, da inda ganuwa ta bi. Ka rubuta abin da aka gaya maka, da sunan unguwar da ka ji shi. La'asar na yi ka kama hanyar tasha, don kada dare ya same ka a hanya.

To me ya sa nake cewa kai kaɗai? Ban raina tafiyar ƙungiya ba. Makarantu su ci gaba da kai ɗalibai, abokai su ci gaba da zuwa hawan Sallar Gani. Amma ayari yana tafe da hirarsa. Kuna cikin mota kuna zancen siyasa da ƙwallo, kun sauka kuna kan zancen, kun yi hoto a bakin rijiya, kun koma. Wanda ya zo shi kaɗai ba shi da abokin hira sai mutanen gari. Dole ya yi tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Dattijon da ba zai kula taron samari masu hayaniya ba, zai matsa wa mutum guda a kan tabarma, ya ba shi labarin da ba ya cikin kowane littafi. Kuma babu mai ce maka ka yi sauri mota za ta tashi, alhali kai zuciyarka ba ta gama da wurin ba.

Ga 'yan'uwanmu mata, wannan ilimi naku ne kamar yadda yake na maza, balle ma a birnin Daurama. Maigida, ka ɗauki iyalinka ka kai su. Yaya, ka raka ƙanwarka. Abin da ake nema shi ne a tafi kaɗan, a natse, da niyyar gani da ji.

Kada wani ya ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. Alƙur'ani mai girma ya umarce mu a wurare da dama da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Marubutanmu ma sun bi wannan hanya. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Dukansu sun tafi, sun duba, sun dawo sun ba mutanensu labari da harshensu.

Yanzu ga dalilin da ya sa abin ya dame ni. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Kowace damina tana cin rabonta, kuma in ba a mayar ba, shekara kaɗan sai ka tarar da tudu. Mun ga yadda ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, take zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta, ana gini a kanta. Hukuma ba ta kashe kuɗi a kan abin da ba mai zuwa dubawa. Magada ba sa riƙe tsohon soro idan ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce musu abin nan yana da daraja. Sai su rushe su sa bulo da kwano, kuma ba za ka zarge su ba. Duk baƙon da ya zo ya tsaya ya yi tambaya, ya ƙara wa wurin kwana.

Sai dai Benis ta koya mana cewa abin yana da iyaka. A farkon shekarun 1950 mazauna tsohon birnin sun kai kimanin 175,000. A 2022 sun gaza 50,000. Gidajen haya sun koma masaukin baƙi, shagunan unguwa sun koma na tsaraba, 'yan gari suka yi ta ƙaura saboda tsada. Abin ya kai ga a watan Afrilun 2024 hukumar birnin ta fara karɓar Yuro 5 daga baƙon da ya zo yini guda a wasu ranaku na cunkoso. Mu ba mu kai nan ba, ko kusa. Amma tun yanzu ya kamata mu riƙe cewa gari na masu shi ne, baƙo kuwa ya shigo da kunya, ya bar alheri, ya tafi.

Wannan magana tana da lokaci. An aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, kuma zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a Kazaure, wani ɗalibi daga Legas ko Maraɗi zai sauko shi kaɗai, da yini guda a hannunsa, ya ce a nuna masa gari. Me za mu nuna masa? Muna da duwatsun da suka kewaye Kazaure, da madatsar ruwa, da fada, da tarihin Ɗan Tunku da Dambo. Muna da duwatsun Roni, da kasuwannin Gwiwa da Babura, da tsangayoyi masu tsofaffin littattafai. Amma ina allon da zai gaya masa wannan wuri mene ne? Ina saurayin da aka horar ya zagaya da shi? Ina 'yar takarda mai shafi huɗu, da Hausa da Turanci, da zai saya ya tafi da ita?

Ina kira ga majalisun masarautun Kazaure da Ringim, da shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, Allah ya ƙara muku lafiya: wannan aiki ba ya bukatar miliyoyi. A tura matasa da na'urar ɗaukar murya su zauna da tsofaffin kowace gunduma tun suna raye. A lissafa tsofaffin gine-gine da rijiyoyi da kufai. A kafa alluna. Malamai da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za su iya auna tsofaffin soraye su zana su, ya zama aikinsu na kammala karatu. Malaman sakandare kuma su riƙa ba ɗalibai aikin hutu: kowa ya rubuto shafi biyu a kan wani tsohon wuri a garinsu, da sunan dattijon da ya ba shi labari.

Kai kuma mai sauraro, naka ya fi sauƙi. Ka duba makonnin da ke tafe, ka zaɓi rana guda da ba ka da gona ko kasuwa. Ka tanadi kuɗin mota zuwa da dawowa, da na abinci, da ɗan abin da za ka miƙa wa wanda ya zagaya da kai. In Daura ta yi maka nisa, ka fara da garin hakiminku. In ka riga ka san Daura, ga Kano da Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, ga Katsina da hasumiyar Gobarau, ga zanen kogunan duwatsun Birnin Kudu a nan Jigawa. Ka je da rana, ka dawo da rana. In ka dawo, ka tara yaran gida bayan sallar isha ka gaya musu abin da ka gani, ka kuma rubuto mana, za mu karanta wa jama'a a wannan fili.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah ya kiyaye hanya ga duk wanda ke kanta, ya jiƙan magabatanmu da suka gina waɗannan birane, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa.